Turmi a Bayan Ƙofa

Matata ta gaji da yi mini tsiya a kan littattafan ban tsoro da nake kwasowa wajen wani mai tsofaffin takardu a Kasuwar Kwastam. Tarin gajerun labarai ne, bango ya yage, gara ta ɗanɗana wasu. Ta ce Hausar ciki ma sai an nemo tafinta, daga ayari sai zango, sai madugu, sai "kana daga bisani". Ni kuwa Hausar nake saye, fatalwowin gyara ne.

Da irin wannan Hausar Kaka Falmata take magana. Babarbariya ce, a bakin fataken da ke sauka gidan mahaifinta ta koyi harshen, ta kuma riƙe shi yadda aka ba ta. A gidanmu na unguwar Lamisula, in an idar da sallar isha'i, sai ta jawo kaskon wuta ta barbaɗa turare, mu jikoki mu kewaye ta. Da Barbarci take yi mana faɗa, amma labarin tsoro sai da Hausa, wai aljanu sun fi jin ta. Ni ne mai nacin a fara, ni ne kuma mai ƙanƙame zanenta. "Mijin nan nawa, ga baki, ga tsoro kamar farar kura," haka take ce mini.

Wanda muka fi so shi ne na matar bafatake. Ayari ya dawo babu mijinta, babu kuma wanda ya ga gawarsa. Tun daga ranar, kullum dare sai ta ji muryarsa a waje yana cewa ta buɗe masa, raɓa ta jiƙa shi. Maƙwabta suka ja mata kunne cewa ba mutum ba ne, ta tokare ƙofa da turmi. Ta daure har damina ta wuce. Wata rana da safe aka tarar an gusar da turmin, ƙofa a buɗe, ga sawunta ya nufi daji, shi kaɗai, ba wani a gefensa.

Nan mukan fashe da surutu muna cewa wawuya ce, ai an gaya mata. Kaka sai ta tona garwashi ta ce mu dai kada mu kuskura mu amsa kiran dare.

Na girma na fara aiki sa'ad da tashin hankali ya shigo gari. Baba Modu, autan Kaka, ƙanin mahaifina, ya fita da motarsa kai kaya wani ƙauye bai dawo ba. Mun nema har ƙafa ta gaji. Lokacin ga dokar hana fita, wanda ya leƙa waje bayan magariba yana iya rasa ransa. Kaka kuwa ko akuya ce ta goga jiki a ƙofa sai ta miƙe.

Ranar da na same ta a zaure ba takalmi tana kokawa da sakata, na riƙe hannunta, na tuna mata da matar bafatake. Ta dube ni ta ce da Hausar nan tata, "Kana tsammani ba ta sani ba ne? Ta sani sarai. To in shi ne fa, ga raɓa?"

Na mayar da ita ɗaki ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ba ta ƙara ba da labari ba har Allah ya karɓi abarsa.

A littattafan nan da wuya ka rasa wanda aka hana buɗe ƙofa ya buɗe. Na daina zaginsu, tausayinsu nake ji. Kwanan baya na ba 'ya'yana labarin turmin, ƙaramar ta ce matar wawuya ce, na bar ta da ƙuruciyarta, Allah ya sa ta daɗe a haka.

Har yau ba mu yi zaman makokin Baba Modu ba. In na zo rufe gida nakan ɗan tsaya, hannuna a kan sakata, in saurara, kana in tura.