Waifar Baya da Idon Kawu Jibrin

Ni na fara lura Kawu Jibrin ya daina kallon sifana kafin ya ɗauka. Sai ya shafa bakinta da babban yatsa, ya ajiye, ya lalubi wata.

Ƙanen mahaifiyata ne, mai gyaran wutar mota a Ƙofar Ruwa tun kafin a haife ni. Da gyaran nan ya aurar da 'ya'yansa, ya sake rufin gidansu na Goron Dutse. Yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ɓoye, domin a ganinsa ranar da aka sani a kasuwa ba mai sake miƙa masa makullin mota.

Wata Laraba da damina na kai masa abinci, na tarar da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ta Muhammad Auwal ce, ɗan wani tsohon abokin cinikinsa. So yake a cire waifar gilashin baya, wai tana ɓata wa motar kyau.

"Ka sayi mota da kuɗinka, kuma ka biya a rage mata kaya," in ji Kawu.

"Baba, yayi ne."

"Allah Ya shirya yayi."

Ya ɓalle murfin roba, ya kwance noti, ya girgiza hannun waifar har ya fita. Ya buɗe but ya zare waya, ya sauke injin waifar. Saura ramin da ya rage a gilashin, wanda in ba a toshe ba ruwan sama zai cika but. 'Yar baƙar robar toshiyar ta suɓuce masa, ta faɗi a ƙasar da baƙin mai ya rine.

Kawu ya durƙusa yana shafa ƙasa. Robar tana dab da takalminsa, hannunsa ya wuce ta sau da yawa. Auwal ya kalli robar, ya kalli Kawu.

"Baba, ga ta nan fa."

Kawu ya ɗago. Sannan ya ce, da muryar da maƙwabtan rumfa za su ji, "Miƙo min. Idona ya daina ganin irin waɗannan."

Auwal ya miƙa masa. Kawu ya danna ta, ya sa aka kwara ruwan buta a gilashin, ya shafa ta ciki, ba ɗigo.

"Gobe in zo in kai ka asibitin ido?" in ji Auwal.

"A wannan abar? In na shiga wa zai fito da ni? Aro ta babanka."

Da motar ta tafi, ya naɗe waifar a tsohuwar jarida ya tura ƙarƙashin benci, ya wanke hannu, ya buɗe kwanon abinci.