Zoɓo a Kan Ƙwan Ista

Shekarar da na ajiye aikin gidan kula da tsofaffi na sayi kyamara, maigidana ya ce ya ba ni zuwa Ista. In sana'ar hoto ta kama, to. In ba ta kama ba, in koma yi wa tsofaffi wanka. Ban ga laifinsa ba, shi kaɗai yake jan gidan, amma aikin nan na tsane shi har cikin raina. Ista ta ƙarato ban ɗauki hoton kowa ba sai 'yan cocinmu na Beltsville, nan Amurka, masu sallamar mutum da "Allah ya sa albarka".

Ana haka wata 'yar Girka a Annandale, mai ɗinka fararen rigunan baftisma, ta neme ni. Hotunan talla take so, 'ya'yanta mata biyu cikin rigunan, riƙe da jajayen ƙwai irin na Istarsu. Sharaɗinta ɗaya, kada a rina ƙwan da kalar kanti, don ƙaramar komai ta samu sai baki. In aiki ya yi kyau, duk hotunanta na shekara ni zan ɗauka. Da rawar kaina na ce ta bar mini ƙwan. Ni da na tashi a Jos zoɓo yana rina mini harshe da yunifom, wa zai koya mini ja?

Na dafa zoɓo mai kauri, na bar ƙwai suka kwana a ciki. Da safen ranar aikin na tsamo na farko, sai ga shi toka-toka kamar an tono shi daga murhu. Na biyu ma haka, har na ƙarshe. Ashe a ɓawon ƙwai zoɓo ba ya yin ja. Na zauna daɓas a ƙasan kicin na kira gwaggona a Jos ina kuka. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin mai hankali ya rina ƙwai ba, ci ake yi. Da ta ji kukan na gaske ne, ta tambaye ni ko ina da manja.

Ina da shi. Na shafe ƙwan da shi ɗaya bayan ɗaya, na goge da tsumma, suka yi ja-ja mai duhu da sheƙi. In ba a ƙura ido ba za su wuce. Duk hanya addu'a nake kada a ƙura.

Hasken tagar matar ya yi kyau, ban taɓa samun irinsa ba. Babbar yarinyar ta riƙe ƙwanta da 'yan yatsu, ƙaramar kuwa ta rungume nata a ƙirji. Ta cikin kyamara na fara ganin tabon manja yana faɗaɗa a kan farin leshi. Na ci gaba da dannawa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Matar ta durƙusa ta taɓa wurin. Ta ce rigar ta wata ce, ranar Lahadi za a yi baftismar.

"Yana fita?" ta tambaye ni a hankali.

Duk macen da ta taɓa yin miya a gidanmu ta san amsar. Na ce, "Ba ya fita."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta taya ni naɗe wayoyina har bakin ƙofa. A cikin mota, hannuna yana ƙamshin manja, na kira tsohuwar shugabata ta gidan tsofaffi. Ko labarin hoto ba ta tambaya ba. Ta ce an kawo wata tsohuwa da ba ta yarda kowa ya taɓa ta, in zo Litinin da wuri.