Rediyon Hajja da Ƙwai Mai Hula

A gidanmu na Garwa ba murhu muke kewayewa ba in za a yi tatsuniya. Rediyon Hajja, kakarmu, muke kewayewa. Ƙaton akwatin katako ne da mijinta ya ɗauko daga Kano. Bayan magariba sai ta kunna shi, ta kashe muryar, ta juyo mana bayansa. Ƙwayayen gilashin da ke ciki, waɗanda masu gyara ke kira lam, sai su yi ja a hankali kamar garwashi. Ni da ƙanena Sani mukan miƙa hannu mu ji ɗuminsu.

"To, ga ta nan tafe," Hajja takan ce. "Mai gyangyaɗi ya ba mu wuri."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata tsohuwa ce ke riƙe wa ƙauye wuta a kasko duk damina. Ranar da za ta rafi, ɗan 'yar'uwarta ya ce zai kula mata da shi. Tana juya baya ya tona tokar, ya zaɓi garwashi mafi girma ya tafi ƙona daji don gafiya. Ruwa ya kashe shi a hanya, ƙananan da ya bari a tone kuma suka mutu.

"Ɓarawo da kaskon zai gudu," in ji Hajja. "Na gida ne ya san inda zai tona."

Da ta rasu, ni ta bar wa rediyon. Sani kuwa ya zama malamin lantarki. Bara ya shiga wani aikin sha'awa, yana naɗa wayar tagulla a jikin bututu don ta riƙa fesa tartsatsi kamar walƙiya. Ya ce lam ɗin kasuwa ba sa jure zafi. Wata Juma'a ya ce, "Yaya, kawo rediyon in share miki ƙurar cikinsa." Da hannuna na naɗe shi a zane na ɗaura masa a babur.

Ya dawo da shi yana sheƙi. Na kunna, na jira, babu ja. Na leƙa baya, gurbin babban ƙwan gilashin da ke tsakiya, mai hular ƙarfe a ka, wayam.

"Sani, ina na tsakiyan?"

"Yaya, duk na gwada su, shi kaɗai ne zai ɗauki wutar." Ya sosa ƙeya. "Ya yi minti biyu kafin ya tsage. Ai dama rediyon ba ya kama tasha."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Da ya tambaye ni, wataƙila da na ba shi.

Ina yarinya haushin mai gafiya nake ji. Yanzu tsohuwar nake tunani, yadda za ta ci gaba da gaisawa da shi a ƙauye ɗaya. Sani yana zuwa duk Juma'a, ina zuba masa tuwo, ina tambayar iyali. In zai tafi, nakan raka shi har ƙofa, abin da ban saba ba.