Daga Ƙarshen Gona

Shekarar da na nemi shiga badujala, wato masu busa da kiɗan fareti, duk unguwarmu a Getso babu wanda bai san farkon kiɗana ba. Ƙarshensa kuwa ko ni mai busar ban san shi sosai ba.

Sakisofon ɗin da nake busawa, wato wani ƙahon ƙarfe na Turawa, na aro ne. Wani tsoho a Kabo da ya yi ritaya daga badujala shi ya ba ni, ya koya mini karanta ɗigon da ake zubawa a kan layuka, ya kuma miƙo mini kiɗan da za a gwada mu da shi a Kano. Shafi guda ne, amma cike da hawa da gangara. Baba bai ja zance ba. In an ɗauke ni, Allah ya sa albarka. In ba a ɗauke ni ba, in mayar wa mai ƙaho ƙahonsa, in bi yayyena da shanu kudu bayan girbi. Ina son shanunmu, amma busar nan ta fi shiga raina, kuma na ji tsoron rabuwa da ita.

A gindin tsamiyar bakin gonarmu nake koyo da yamma. Mu da muka tashi da karatun allo, in ka yi tuntuɓe a hadda sai ka koma farko. Haka na ɗauko halin nan na kawo wa busa. Da yatsana ya zame, sai in tsaya in sake daga sama. Layukan farko suka yi sumul, na ƙasa kuwa sai in wuni ban leƙa su ba.

Wata rana Baba yana maimai kusa da ni, ya ɗago ya ce, "Wai kiɗan nan naka ba shi da wutsiya ne? Kansa dai ko bijimin can ya haddace."

Raina ya ɓaci, na yi masa bayani da zafi-zafi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "In mun zo da safe, daga ina muke kama noma?"

"Daga can ƙarshe, wajen rafi."

"To, saboda me? Da ƙarfinka ka kama nesa. In rana ta yi zafi, kowace kunya ka gama gida take kai ka."

Washegari na kama layin ƙarshe shi kaɗai, a hankali, har ya zauna. Sannan na ɗauko na samansa na haɗa su. Da na gaya wa tsohon nan na Kabo, ya yi dariya har da tari. Ya ƙara mini da nasa: ya riƙa buga sanda a ƙasa ina busa, in na zame ba ya tsayawa. "Fareti ba ya jiran mutum ɗaya, ɗana. Ka faɗi, ka tashi a inda sahu yake."

Ranar gwaji bakina ya bushe ƙamas, da ƙyar na jiƙa ɗan karan bakin busar. Farko ya tafi lafiya. A tsakiya sai ƙahon ya yi wata tsuwa kamar ɗan tsako. Yatsuna suka nemi komawa sama, na hana su. Na ci gaba, kuma duk layin da na shiga na fi saninsa a kan wanda na baro. Tsoron ya sake ni. Da na sauke, babban cikin masu gwajin ya ce in dawo bayan girbi da kayana.

Na tarar da Baba a gona ana yankan gero. Bai tambaye ni ko an ɗauke ni ba.

"Ka kai wutsiyar?"

"Na kai, Baba."

Ya ajiye abin yankansa, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna da rana a gona ba, ya nemi gindin tsamiya ya zauna. "To, busa mini shi tun daga kai. In ji abin da zai raba ni da kai."