Baƙin Akushin Cika-Ciki

Jiya na ciro wutsiyar ragon layya don girkin cika-ciki. Ƙanshin kitsen na bugun hancina, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Tana da wani baƙin akushi mai tsaga a baki. Duk shigowar sabuwar shekara sai ta shaƙe shi da tuwon dawa, ta aza wutsiyar bisa, ta kai da kanta gidan wanda ya fi ɓata mata rai a shekarar. Duk unguwarmu a Wurno an san ma'anar akushin nan, har leƙowa ake a ga ƙofar da zai shiga.

Shekarar da na yi jego a ɗakinta, ta kai wa maƙwabcin da ya datse mata ruwa har albasarta ta ƙone. Na ce, "Inna, don mi za ki ciyar da mugu?"

Ta ce, "Ɗiyata, na gaji da dakon shi. Ya ci, nauyin ya koma cikinai."

Ta dawo tana dariya. Shi kuwa ya yi sati bai haɗa ido da kowa ba.

Bana akushin na hannuna. Ƙanen mahaifina, wanda ya ci iyakar gonarta tun ba a yi mata sadakar bakwai ba, shi zan kai wa, da rana tsaka, ta bakin kasuwa. Ban kai ga yafewa ba, Inna, amma zan sauke.

Allah ya haskaka kabarinki. Shi kuma Allah ya ba shi cikin cinyewa.