Muryar da Muka Bari a Kan Ɗorawa

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana ne, ranar Laraba, a gonarmu da ke yamma da Ruwan Godiya. Mu biyu ne a cikin gonar, ni da Kawuna, yayan mahaifiyata, sai matata da ke kan hanya ɗauke da abincinmu. Abin da ya faru daga wannan lokaci zuwa la'asar ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Zan faɗe shi bi da bi yadda ya auku, amma dole in fara da rediyon Kawu, don in ba da shi ba, ba za a gane sauran ba.

Kawu ya yi samartakarsa a Funtuwa yana aikin auduga, kuma a can ya saba da shiga sinima. Ya dawo gida ya tsufa, ya bar komai na birni, sai abu ɗaya: muryar wata mawaƙiyar finafinan Indiya. Yana da ɗan rediyo mai cin memori, kuma ba kowa a cikin memorin sai ita. Ba ya jin yarensu, amma ya san tarihinta kamar 'yar unguwarsu ce. Yakan ce tun tana yarinya ta fara, don ta taimaki gidansu, ta yi ta yi har kanta ya yi fari. Abin da ya fi burge shi shi ne ba a ganinta a fim. Takan shiga wani ɗaki a rufe ta rera, a ɗauki muryar, sai a ɗora a bakin wata 'yar wasa da ke rawa a cikin furanni. 'Yan wasan su tsufa a kawo sabbi, muryar tana nan.

Ni ba mai son kiɗa ba ne, kuma ban ɓoye masa ba. Wata rana na ce, "Kawu, da furfurarka da komai, ba ka sa mana karatu?"

Ya ce, "Na yi nawa da asuba kana barci. Tsinki wakenka, ka bar ni da tsohuwata."

To, a wannan kaka an datse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Ba ka iya kiran gida ka ce lafiya ko ba lafiya. Dawa kuma ta fi tsawon mutum, wanda ke kan hanya ba ya hango na cikin gona. Sai na zauna na tsara mana doka, don ni mutum ne mai son komai da tsari. Na farko, da mun isa gona za a rataye rediyon a reshen ɗorawar da ke gabas, kusa da burtali, a ƙure ƙara. Na biyu, idan matata ta iso bakin rafi ta tsaya ta saurara. In ta ji waƙa, lafiya ke nan, ta hauro. In ta ji shiru, ta juya gida ba tare da ta tambayi kowa ba. Mun yi makonni a haka, har maƙwabta suna yaba dabarar.

Ranar da abin ya faru roron wake muke yi. Mun faro daga gindin ɗorawa da safe, muna bin kunya har muka kai ƙarshen gonar ta yamma. Muna duƙe sai na ji ƙarar babura daga arewa. A lokacin ba mai shiga daji da babur sai su. Na kalli Kawu, ya kalle ni. Ƙarar ta biyo burtali, ta matso, ta matso, sai ta mutu daidai gindin ɗorawa. Waƙar ce ta tsayar da su.

Ba kaina na fara tunawa ba, inuwa na duba, na ga lokacin zuwan abinci ya yi. Matata tana gab da rafi, za ta tsaya ta saurara kamar yadda na koya mata, za ta ji waƙa, za ta hauro kai tsaye ta faɗa hannunsu. Na yunƙura zan nufi ɗorawar, wai in kashe rediyon. Har yau ban san ta yaya na yi niyyar yin haka ba, mutane da bindigogi suna zaune a ƙarƙashinsa.

Kawu ya damƙe mini ƙafa ya fizgo ni ƙasa. Ban taɓa sanin yana da sauran ƙarfi haka ba.

Ya raɗa mini, "Ina za ka, mahaukaci?"

Na ce, "Kawu, tana tafe. In ta ji waƙa za ta hauro."

"To kai ka tare ta. Bi kwarin kunya da rarrafe har rafi. Rediyo kuma ka bar shi. Muddin tsohuwata tana waƙa, can za su zauna jiran mai shi."

"Kai fa?"

"Da wace gwiwar zan bi ka? Rufe ni da harawa ka tafi." Har na fara tula masa ganyen wake sai ya sake jawo ni. "Saurara. Wannan waƙar da ta ɗauko doguwa ce, ganga ta yi yawa a cikinta, ba za su ji motsinka ba. In ta ƙare akwai ɗan shiru kafin ta gaba. Da ka ji ta ja murya sama ta riƙe, to ƙarshe ya zo, ka kwanta kamar gawa."

Na kama rarrafe. Busasshen ganyen dawa yana da ƙara, wanda bai taɓa ɓuya a cikinsa ba ba zai sani ba. Duk inda na ɗora hannu sai in ji kamar an ji ni har Faskari. Hanyar rafi kuma dole ta bi da ni ta tsakiyar gona, inda nake jin maganarsu sarai. Ɗaya ya ce, "Ga butarsu, ga takalma. Ba su yi nisa ba." Wani ya ce a shiga a duba. Na uku ya yi dariya ya ce, "Zauna ka sha inuwa. Mai wannan rediyon ba ya tafiya ya bar shi."

Ina cikin tafiya na ji ta ja muryar sama, siririya, ta riƙe. Na zube da fuskata a ƙasa. Shiru ya sauka a gonar. Na ji wani yana kakkaɓe sigari, na ji bugun zuciyata a cikin kunnena, na ji ƙasa tana shiga hancina ina son yin atishawa. Na cusa hannun riga a baki ina karanta duk addu'ar da ta zo mini, wata ma ban kai ƙarshenta ba nake kama wata. Shekara da shekaru ina ƙorafi a kan mawaƙiyar nan, ranar kuwa roƙon Allah nake ta buɗe baki. Da sarewa ta taso, muryar ta biyo bayanta, sai na ci gaba.

Na iso bakin rafi na tarar matata ta riga ta haye. Tana tafe da langa a ka, hankalinta kwance, har tana bin waƙar a hankali da hanci. Ban iya kiranta ba. Na bari ta zo daidai inda nake, na miƙa hannu daga cikin dawa na kama gefen zanenta. Ta buɗe baki za ta yi ihu, na tashi na toshe shi da tafin hannuna, ɗaya hannun na tare langar kada murfin ya faɗi.

Na ce mata a kunne, "Ni ne. Sun zo, suna ɗorawa."

Na ja ta muka gangara cikin rafin, muka shige ƙarƙashin wata gaɓa da ruwa ya ƙwaƙule. Can ta samu bakin magana, ta ce, "Malam, Kawu fa?" Na ce yana cikin harawa. Ta fara hawaye ba sauti.

Muna nan waƙa ta ƙare, wata ta fara, ita ma ta ƙare. Sai muka ji harbi, tau, sau ɗaya. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Matata ta cusa farcenta a damtsena. Ban san ko rediyon aka harba ba, ko tsohon aka gano. Wannan zaman shi ne mafi tsawo a rayuwata. Sai da inuwar gaɓar ta rufe rafin muka ji baburan sun tashi sun yi kudu.

Na bar ta a nan na koma. Na tarar da tulin harawar yadda na bar shi, ba motsi. Na kira shi a hankali, shiru. Na yaye ganyen, sai ga idanunsa a buɗe. Ashe a kan gidan cinnaka na kwantar da shi. Sun cije shi daga wuya har ƙafa, jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, bai motsa ba. Da matata ta iso ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, ina tuwon? Ko baƙin kika ba?" Ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Rediyon ne suka harba, mun tsinci gutsattsarinsa a gindin ɗorawa. Kawu ya juya wani ɓallin a hannunsa ya ce, "Aikinta ke nan tun tana yarinya, a ji ta a inda ba ta nan." Da yamma muka samu labarin sun ɗauki mutane a wata gona da ke gaba da tamu. Ba mu fi waɗannan bayin Allah da komai ba.

Abin da na koya shi ne, alamar lafiya ba a barinta a hannun abin da ba shi da rai. Rediyo bai san an gudu ba, tsumman da wasu ke ɗaurawa a sanda don alama bai san an zo ba. Daga ranar, ba macen da ke hauro rafin nan sai ɗaya daga cikinmu ya fito da ƙafarsa ta gan shi da idonta.

Kai mai karatu, in kana da iyali a inda ake noma cikin tsoro, ina roƙonka ka zauna da su yau ka bi tsarinku ɗaya bayan ɗaya, ka tambaya: in mun gudu, wannan alamar za ta ci gaba da ce wa na baya ya taho? In amsar i ce, ku canza ta kafin gobe. Sannan ka sa mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a addu'arka.