Gumur, Mai Lulluɓe Sola da Bargon Raƙumi

Gumur taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ina da damar faɗin duk abin da na ga dama a kansa, shi ma bai taɓa raga mini ba. Tun muna yara a kwarinmu na gindin dutsen Bagzan, idan aka neme shi aka rasa, sai a ce a duba saman dabino. Can za a tarar da shi ya harɗe ƙafafu yana kallon inda babu kowa. A haka ya girma, a haka ya naɗa rawani, furfura ma a haka ta same shi.

Lambun da ya gada yana bakin ƙorama, a tsakiyarsa kuma akwai dabinon da kakarmu ta dasa. Tsohuwa muke ce mata. Duk dabinon da ke lambun daga gindinta aka ɓalle shi. Ni ma ina da rabo a jikinta: duk kaka Gumur yana kawo mini nawa, in daka da cuku da gero, mu yi ta sha har wata shekara. Tun da ta tasa ba wanda ya taɓa zuba mata ruwa. A wurinmu ƙaramin dabino ake shayarwa. Babba da ƙafarsa yake sha, saiwarsa ta gangara ta tarar da ruwa a ƙasa, zuba masa ruwa kuwa abin kunya ne, kamar a ɗura wa magidanci kunu a gaban 'ya'yansa.

Da raƙumi Gumur yake ban-ruwa, wani mai launin yashi da ake kira Awrag. Raƙumi ya ja igiya, gugan fata ya hau ya juye a magudana, raƙumi ya dawo, guga ya koma. Itacen da igiya take gudu a kansa yana da wani siririn kuka, da shi kwarin yake sanin gari ya waye. Ina kan tudu da awakina nakan gane na Gumur a cikin na kowa, don nasa a sanyaye yake, kamar mai waƙa yana gyangyaɗi. Da rana ta take sai Awrag ya durƙusa, ko yanka shi za a yi ba zai tashi ba. Gumur ya hura gawayin shayi a inuwar Tsohuwa, ya miƙe ƙafa. Kafin la'asar rijiya ta maido da abin da aka ɗiba.

Da injinan fetur suka shigo ya ƙi su, wai suna da surutu. Amma Awrag ya tsufa, gwiwoyinsa suka daina ɗaukarsa, sai ga sola ta iso daga Agadas a bayan motocin albasa. Gumur ya je lambun maƙwabcinsa Efad ya tsaya gaban fayafayan nan masu baƙin shuɗi, ya ga gajimare yana wucewa a cikinsu, ga ruwa yana bulbulowa daga tiyo ba hayaƙi ba ƙara. Nan take ya kamu.

“Tekna, kin ga raƙumin da ba ya cin ƙaya?” ya ce mini ranar da aka kafa masa tasa. “Rana kaɗai yake kiwo.”

“Dama malalaci ya samu abokin zama,” na ce. “Yanzu sai barci har da munshari.”

“Ke dai baƙin ciki zai kashe ki, tsohuwar akuya.”

Gaskiya shekarun farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Kwarin ya yi kore tun daga bakin ƙorama har gindin duwatsu, inda kakanninmu ba su taɓa kai ruwa ba. Fayafayai suna ƙyalli a kowane lambu, albasa ta ko'ina, samari suka daina tafiya Libiya. Abu ɗaya ne ya dame ni: safiya ta yi shiru. Nakan farka ina jiran kukan igiya, sai in ji kurciya kawai.

Sai dai rana ba ta durƙusawa. Tun fitowarta har faɗuwarta famfuna suna zuƙa, tsakar rana ma a nan suka fi ƙarfi, daidai lokacin da rijiyoyi suka saba hutawa. Ruwa ya fara ja da baya. Aka ƙara wa tiyo tsawo, aka ƙara wa rijiyoyi zurfi, shi ma Gumur sai da ya ƙara. Wata kaka ya kawo mini rabona, na zuba a faranti na ga 'ya'yan sun ƙanƙance, sun yamushe. Ranar ban tsokane shi ba, karo na farko ke nan a rayuwata.

Bayan 'yan kwanaki na gangaro da awaki da azahar, na tarar da fayafayan solarsa a lulluɓe da tsohon bargon Awrag, wanda ake shimfiɗa masa a ƙarƙashin sirdi. Famfo ya yi tsit. Shi kuma yana kwance a inuwa yana fifita gawayi.

“Kai Gumur, solar taka sanyi take ji?”

“Na durƙusar da ita ne. Ta yi tuƙa, rijiya ta huta.”

“Lallai rawanin nan ya matse maka kai.”

“Duba sama, Tekna.”

Na ɗaga kai. Ganyen Tsohuwa na ƙasa ya bushe ya rataye, na tsakiya ma ya fara fari. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa kawo wa zuciyata cewa zan rayu in ga ƙarshenta ba.

Labarin bargo ya zaga kwarin, aka yi ta dariya. Masu wucewa suna ce masa ya gaida raƙuminsa, ya jiki. Shi ko a jikinsa. Kullum da rana ta take sai ya lulluɓe, albasarsa ta koma rabin ta mutane. Ya ɗauki butar shayinsa ya je wurin Efad, ni ma na bi shi don kada a ci masa fuska ba na nan. Sai da aka sha kofi na uku sannan ya yi magana.

“Efad, ruwan nan ƙwarya ɗaya ce a ƙarƙashinmu. Mu riƙa durƙusar da famfunan nan da tsakar rana, ko Tsohuwa ta samu ta taɓo shi.”

Efad mutumin kirki ne. Ya gyara bakin rawaninsa, ya daɗe yana juya kofi.

“Baba Gumur, wallahi na ji ka. To in na rufe tawa, na gaba da ni zai rufe? Nawa rabon zai shanye. 'Ya'yana biyu albasar nan ce ta dawo mini da su gida. In ce musu su koma?”

Muka tashi.

Damina ta zo, ƙorama ta yi gudu kwana kaɗan ta ƙafe. Da, irin wannan gudun yakan riƙe mu shekara. Gumur ya ci gaba da lulluɓinsa shi kaɗai, yana hutar da ruwan da maƙwabta suke shanyewa. Yakan ce mini yana mafarki da rana, ya ga saiwar Tsohuwa tana laluben ƙasa kamar hannun makaho a cikin tulu, ruwan yana nan kusa, yana ɗan matsawa.

Da bazarar bana, ranar da zafi ya hana awaki kiwo, na sauko lambun. Tun daga nesa na hango fayafayan suna ƙyalli da tsakar rana, ga bargo a ninke a kan shinge. Na bi tiyo da ido. Bai nufi albasa ba. Gumur ya yi wa Tsohuwa kewayen ƙasa irin na ɗan dashe, yana durƙushe, ya ja rawani har ƙarƙashin ido, yana riƙe da bakin tiyo a gindinta.

Na buɗe baki in yi masa tsiya, na kasa.

“Daga ƙarƙashin ƙafarta nake ɗebowa ina zuba mata,” ya ce, bai waiwayo ba. “Duk abin da na ba ta yau, gobe sai ya ƙara mata nisa. In na bari kuma ba za ta kai damina ba.”

Na ajiye sandata na durƙusa kusa da shi. Sai na karɓi tiyon daga hannunsa.

“Ki tare ta da bayanki idan wani zai wuce,” ya ce. “Kada a gan ta a haka.”